Awon Gidan Inna

Shafi na 17

Masu turo min "Malam, ina ci gaba?" tun kafin in wanke ido, saƙonku ya iso. Jiya rabin yini na yi ina neman tabarau, ashe yana goshina. Ku riƙa yi wa mai furfura uzuri.

Mun tsaya a inda Mai Awo ya sa hannu a takarda.

Ga wanda yau ya shigo: Mai Awo shi ne mutumin da kamfanin fasa dutse ya ɗauka don ya faɗa musu iya nakiyar da za su tayar ba tare da bangon mutanen unguwa ya tsage ba. Aikinsa lissafi ne, nisan gida daga dutsen da yawan nakiyar da za ta tashi a bugu ɗaya. Sai wata na'ura mai ƙafa uku masu tsini da yake kafawa a ƙasa, ita ke gaya masa iya rawar da ƙasa ta yi. Ƙa'idar wurin, kada awo ya wuce biyar.

Sau goma sha ɗaya ana tashin nakiya, kuma in ka cire na farko, na'urar ba ta taɓa kai ɗaya ba a gidan da ya fi kowane gida kusa da dutsen. Gidan Inna ke nan, uwar matarsa.

A kan haka ya rubuta cewa yau za a iya tayar da ramukan nakiya uku uku, maimakon ɗaya ɗaya da aka saba. Ya sa hannu har da ƙawata wutsiyar harafin ƙarshe.

Ƙarfe sha biyu za a buga.

Da hantsi ya je gidan kamar kullum. Ya tura ƙafafun na'urar cikin ƙasa a bayan ɗakin Inna, ya danne ta da buhun yashi, ya gaida tsohuwa, ya tafi. A al'adarsa ba ya dawowa sai an gama komai an busa jiniyar sallama. To yau Manaja ya tare shi a hanya, ya ce ya koma gidan ya jira shi, a can yake so ya tsaya lokacin bugu.

Jiniya ta farko na tashi, sha ɗaya da rabi daidai, ya yi sallama ya shiga.

Ya zagaya bayan ɗaki.

Ga ramukan ƙafafun na'ura uku a ƙasa, tsaf. Ga buhun yashi an jingine shi da bango, har an kakkaɓe shi. Na'ura kuwa ko ƙurarta.

Matarsa, wadda duk gidan ke kira Auta, tana tsakar gida tana jera kwanukan uwarta a kan tabarma. Duk ranar bugu sai ta zo ta sauke su daga kan kantar ɗaki, shi kuma duk ranar bugu sai ya yi mata dariya.

"Maman yara, ina na'ura?"

"Wace na'ura?"

"Na'ura nawa muka haifa a gidan nan?"

Auta ta ɗago ta dube shi, ta dubi agogon hannunta, ta sake dubansa.

"Me ya dawo da kai yanzu?"

"Tambayarki na yi."

"Tana ɗaki."

"Wane ɗaki?"

"Ɗakin Inna mana. Ka yi sallama a hankali, tana hutawa."

"Innar?"

"Na'urar."

Shekara ashirin da biyu da aurensa, Mai Awo bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba. Yau ya cire takalmi, ya shiga da ƙafar da ba ta san tana tafiya ba.

Ga ta nan a tsakiyar gado.

Katifa a ƙasa, filo biyu a kan katifa, na'ura a kan filo. An lulluɓe ta da farin tawul, an naɗe wayarta an ɗaure da ƙyalle. Fanka ma ita aka juya wa.

Inna na zaune a gefen gadon da carbi a hannu, kamar mai jinya.

Gwiwoyinsa suka kai ƙasa. Inna ta ɗauka ladabi ne.

"A'a, Injiniya, ai mun gaisa ɗazu. Tashi, tashi."

"Inna... wa ya kawo ta nan?"

"Wa zai kawo ta? Ni mana."

"Yau... yau ne kawai?"

Inna ta leƙa ta kan kansa ta dubi Auta da ke tsaye a ƙofa.

"Ke kika gaya masa?"

"Wallahi ban ce komai ba. Shi ya dawo da ƙafarsa."

"To ai shi ke nan." Ta ajiye carbin. "Ɗan nan, ni ban so ka sani ba, don kada ka ji nauyi. Ranar farko ina kallonka ta taga. Ka kama baiwar Allah ka cusa ƙafafunta a ƙasa, ka ɗora mata buhu, ka bar ta a rana ka yi tafiyarka. Kai da bakinka ka ce ta fi mota tsada. Ga kaji, ga akuyar maƙwabta da ba ta da tarbiyya. In wani abu ya same ta, a gidan wa za a ce?"

"Tun ranar farko ke nan."

"Ranar farko a kan tabarma na sa ta. Da aka buga sai na ga ta zabura, har ta gusa. Na ce a'a, wannan ba ta son girgiza. Shi ne na mayar da ita gado, na ƙara mata filo."

Mai Awo ya rufe ido.

Ya tuna awon ranar farko: biyu da ɗigo. Ya tuna na biyu da ya faɗo ƙasa da ɗaya. Ya tuna rahoton shafi tara da ya rubuta yana bayanin yadda sabon tsarinsa na jera ramuka ya kashe girgizar. An tara ma'aikata a ƙarƙashin rumfa ya yi musu lacca da sanda a hannu. An tafa masa. Wani ma ya ɗauki hoto.

"Amma Inna," muryarsa ta fito siririya, "duk sanda na dawo a wurinta nake samunta."

"Ai da na ji jiniyar sallama sai in mayar maka da ita. Kowace ƙafa a raminta, in ɗora buhun yadda ka ɗora. Babba da kai, a ce tsohuwa ce ke gyara maka aiki? Ban yarda a raina mijin 'yata ba."

Ya juya wurin Auta.

"Ke kin sani?"

"Ni nake ɗauko filon."

"Kuma kika yi shiru?"

"Shiru? Ni?" Ta shigo ɗakin sosai. "Sau nawa na ce maka kwanukan Inna na faɗowa daga kanta? Me ka ce min? Ka ce na'ura ba ta ƙarya. Mutanen layin nan sun zo har ƙofar gida suna cewa ƙofofinsu sun daina rufuwa, ka fito musu da takarda, ka ce ƙasa lafiyarta ƙalau, zuciyarsu ce ke rawa."

"Ai ban san..."

"Ni na san filo na da ruwa a ciki? Karatunka na yi? Ni dai na san ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Sai wani ɗan haske ya faɗo masa. Ya miƙe a kan gwiwa har da ɗaga yatsa.

"Ku tsaya. Akwai ta biyu. Wadda nake kafawa a bayan shagon Tela. Ita ma ƙasa da ɗaya take bayarwa, kullum. In wannan ta yi ƙarya, waccan fa?"



Auta ta ɗaga kai tana nazarin rufin ɗaki kamar yau ta fara ganinsa.

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ai ni na yi masa magana."

"Wa?"

"Telan. Na ce haram ne ɗaya tana gado ɗaya tana rana. Yaron kirki ne, soso ya yanka mata mai kauri, har riga ya ɗinka mata."

Mai Awo ya koma ya zauna a kan dugadugansa.

Akwai lissafin da ke cikin littafi, wanda ake yi kafin a samu awo na gaskiya. Shi ya fara yi wata huɗu da suka wuce, sannan ya watsar da shi don na'ura ta ƙaryata shi. Yanzu ya dawo masa cikin kai ba tare da ya gayyace shi ba. Rami ɗaya a wannan nisan, huɗu da wani abu, dab da ƙa'ida. Ramuka uku a bugu ɗaya, tara. Ko goma.

Ya dubi bangon da ke kan gadon. Wata ƙatuwar kalanda ce a rataye, ta shekarar da ta wuce.

"Inna, me ya sa ba a cire wannan kalandar ba?"

"Hoton ne ya yi min kyau."

"Inna."

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa hannu ta ɗaga gefen kalandar.

Tsaga ce, daga kusa da rufi ta gangaro har bayan gado. Yatsa zai shiga. Ta cikinta ana hango hasken rana.

"Ƙarama ce da farko," in ji Inna. "Kowane bugu sai ta ɗan yi hamma. Na ce in na nuna, za a ce aikinka ne bai yi ba."

Ya zaro waya ya kira Mai Nakiya, mutumin da ke danna abin. A kashe. Dama ya san a kashe take, shi da kansa ya rubuta dokar cewa da an cika ramuka kowa ya kashe waya. Hanya ɗaya ta rage, oba-oba, 'yar rediyon nan ta hannu da ma'aikata ke magana da ita, kuma a ƙugun Manaja take.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Nan fa Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da kunnensa. A ja ƙofar ɗakin nan kawai. A ce wa Manaja na'ura na bayan ɗaki, kada a matsa kusa da ita. A fitar da Inna tsakar gida da sunan shan iska. A buga. Na'ura tana kan filonta, za ta ba da ɗaya ko ɗaya da rabi, kowa ya tafa. Bango kuma ai dama tsoho ne.

Auta na kallon fuskarsa. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ne.

"Kar ka soma," ta ce.

"Me na ce?"

"Ba ka ce ba. Gashin girarka ne ya ce."

"Salamu alaikum! Ina gwanin namu?"

Manaja ya shigo tsakar gida da hular kwano a kai, tumbi a gaba, oba-oba a ƙugu, kofin gilashi a hannu. Mutum ne da ba ya magana sai da ƙarfi, wai shekarun da ya yi kusa da nakiya ne, amma waɗanda suka san shi tun yana yaro sun ce haka aka haife shi.

"Mama, ina kwana! Kin haifi 'ya, 'yarki ta auro mana zinariya! Madam, a cika min kofin nan da ruwa, fal, har baki. A nan zan ajiye shi a ƙasa in ɗauka a waya. Duniya ta gani, ramuka uku uku, ko ɗigo bai zube ba!"

Mai Awo ya fito daga ɗaki ba takalmi.

"Ranka ya daɗe."

"Kai, me ya samu fuskarka? Murna ce? Takardar ƙarin girmanka na kan teburina, da an buga zan sa hannu. Ina na'urar? A nuna min ita in fara da ita."

"Ranka ya daɗe, a dakatar da bugun nan."

Manaja ya yi dariya har hular ta gusa.

"Ji shi da zolaya! Ina na'ura?"

Inna ce ta ɗaga labule, cikin karamci, yadda ake nuna wa baƙo jariri.

Manaja ya leƙa.

Ya daɗe yana leƙe.

Da ya fito da kansa, a karo na farko a tarihin kamfanin, a hankali ya yi magana.

"Ba ta da lafiya ne?"

"A nan take duk ranar bugu, ranka ya daɗe. Ita da ta shagon Tela. Yau na sani."

"Duk goma sha ɗayan?"

"Na farko a kan tabarma ne," in ji Inna, don kada a yi mata ƙazafi.

"Wato awon da na kai wa hukuma..."

"Awon filo ne."

"Laccar da ka yi mana..."

"Filo."

"Ni da na tsaya a gaban mutanen unguwa na ce in bango ya tsage a tsaga min riga..."

"Ranka ya daɗe, lokaci."

Kamar jira take, jiniya ta biyu ta ɗauka. Saura minti biyar.

Mai Awo ya matso, maganar na fita da gudu. "Ba sai an kwashe nakiyar ba. A sake ɗaurin kawai, a raba ramukan su tashi ɗaya bayan ɗaya, da 'yar tazara a tsakani, yadda muka saba. Aikin awa biyu ne. In aka buga a haka, lissafina ya ba ni tara zuwa goma."

"Lissafinka!" Muryar Manaja ta dawo gida. "Yau kuma lissafinka zan ji? Ka san wa ke kan tudu yanzu? Mai Kamfani da kansa! Da baƙi mota uku! Tun sha ɗaya suke zaune a rumfa, an raba musu hulunan kwano sabbi fil. In ce masa me? A jira awa biyu, surukar ma'aikacina ta kwantar da na'ura?"

"Ka ce ni ne. Ka ce kuskurena ne."

"Ai dama kai ne! Amma wa ya ɗauke ka aiki?" Ya share gumi, ya rage murya. "Saurara. A fitar da Mama waje. A buga. In bango ya ɗan yi wani abu, gobe in turo magini da siminti, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

"Ba inda za ni," in ji Inna. Ta koma ta zauna a gadonta, daidai ƙarƙashin kalanda. "A ɗakin nan na haifi Auta. Nakiyarku ce baƙuwa, ba ni ba."

"Kuma gida bakwai ne a layin nan," in ji Auta. "Duk za ka fitar? Matar mai wanki jiya ta haihu."

"Madam, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake."

Mai Awo ya dubi oba-obar da ke ƙugun Manaja. Mutum ne da ko kujerar ofis ba ya ja sai ya nemi izini. Ya tuna takardar da ke kan tebur. Ya tuna shekarunsa, da yadda ba a ɗaukar mai furfura sabon aiki. Sannan ya miƙa hannu ya fizge ta, har maɗaurin wandon Manaja ya yi ƙara.

Ya danna.

"Mai Nakiya! Mai Nakiya, ka dakata! Kar ka buga!"

Shuuu. Sai murya ta fito, a natse, ta mutumin da ya ga duniya.

"Wa ke magana?"

"Mai Awo ne!"

"Mai Awo, ga takardarka a aljihuna, da sa hannunka mai wutsiya. Ka ce uku uku, na ɗaura uku uku. An yi jiniya biyu. Yanzu bakin Manaja kawai nake ji. In yana kusa, ba shi."

Mai Awo ya miƙa wa Manaja.

Manaja ya dubi oba-obar kamar an miƙo masa maciji. Hannu ɗaya na riƙe da wando, ɗayan na riƙe da kofi. Bai saki ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah."

"Ina tunani."

"Ba lokacin tunani!"

"To ina addu'a!"

Jiniya ta uku ta fara ɗagawa, wadda daga ita sai ƙirge.

Ba wanda ya ga tasowar Inna. Sai ganin oba-obar suka yi a hannunta, ta kama ta da hannu biyu, ta danne maɓallin da babban yatsa yadda ta ga an yi, ta kai ta baki kamar mai kiran yaro daga ƙarshen layi.

"Kai mai nakiya! Ɗan wa ne kai? To ka ji da kyau, kar ka kuskura ka taɓa abin nan. Mijin 'yata ba shi da laifi, yaro ne mai ladabi. Ni ce nake ɗora na'urarku a kan filo tun wata huɗu, kuma Manajanku ga shi nan tsaye ya gani da idonsa, wai a buga a haka gobe ya turo siminti!"

"Mama!" Kofin ya suɓuce daga hannun Manaja. "Layin oba-obar nan kowa na ji, har kan tudu!"

Jiniyar ta katse a tsakiya.

Ko kaza ba ta motsa ba.

Sai oba-obar ta yi shuuu a hannun Inna. Muryar da ta fito ba ta Mai Nakiya ba ce. Murya ce mai sanyi, ta mutumin da bai taɓa buƙatar ɗaga ta ba, kuma da jin ta Manaja ya cire hula ya ƙame, wando na zamewa.

"Manaja," in ji Mai Kamfani. "Wane filo?"